Muryar da Ke Ƙarshen Kaset

Mahaifinmu tsohon soja ne, amma in ba an gaya maka ba, ba za ka taɓa ganewa ba. Gajeren mutum ne mai sanyin magana, wanda ko kaza ba ya yankawa. Duk Babbar Sallah sai an kira maƙwabcinmu ya yanka mana ragon layya, shi kuwa Baba ya saɓi fartanya ya ce zai leƙa gonarsa ta Tudun Kaya, ko da rani ne, babu komai a gonar sai tushiyar dawa. Muna yara a Unguwar Hajji abin yana ba mu kunya. 'Ya'yan wasu tsofaffin sojojin Ƙaraye suna zuwa makaranta da labarai bakinsu fal, wannan ubansa ya kama mutum goma da hannu, wancan harsashi ba ya cin ubansa. Mu ko guda ɗaya ba mu da shi. Abin da muka sani kawai, su biyu suka tafi yaƙin basasa, shi da ƙanensa, shi kaɗai ya dawo. Da aka haifi autanmu aka sa masa sunan marigayin, kuma ban taɓa jin Baba ya kira shi da sunan ba. Auta yake ce masa. Ni kuma Uwata, don sunan kakarmu na ci.

Auta ya tashi da zafin kai. Shirun Baba shi ya fi kowa ƙonawa, sai ya ɗauki nauyin zama jarumin gidan tun bai yi gemu ba. Shekarar da na zo gida wankan jegon ɗana na fari, aka wayi gari babu shi. Daga baya wani direba ya kawo labarin ya gan shi a Zariya, wai yana neman a ɗauke shi soja.

Inna ta yi kuka har ta gaji. Da aka kwana biyu sai Baba ya tambaye ni ko na zo da rikodar mijina. A lokacin haka ake yi, wanda bai iya rubutu ba, ko maganarsa ta fi ƙarfin takarda, sai ya ɗauke ta a kaset ya ba direba. Ya aika aka sayo sabon kaset da batir, ya ce wa Inna ta je maƙwabta, ya zauna a kan tabarma a tsakar gida. Bai san inda ake dannawa ba, saboda haka ni na zauna kusa da shi da jaririna a cinya, na danna masa.

Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon ta ranar ba, ban kuma sake ji ba. Bango yake kallo yana yi. Ya faɗi ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da yadda ƙafa ke ruɓewa a cikin takalmi. Ya faɗi yunwa. Ya faɗi yadda aka harbi ƙanensa a bakin wani rafi, yana kiran ruwa ga ruwan nan ana gani babu mai iya zuwa, da yadda ya lulluɓe shi da ganye ya wuce don an ce a wuce. Muryarsa ma ba tasa ba ce, ta yi ƙasa ta dushe. Kaset ya kusa ƙarewa sai ya ce:

"Ka san abin da ya raba mu da gida? Wani saje ne ya hau bayan mota a kasuwar nan ta Ƙaraye, ya yi mana wata magana. Ƙarya ce, Auta, amma mai daɗin ji. Ka saurara, don kai ma za a gaya maka irinta."

Ya yi tarin nan nasa guda biyu, sannan ya faɗe ta:

"Yaƙi ba ya sallama. Ranar da kuka ji labarinsa, kada ku jira shi a gida, ku tare shi a hanya. Wanda ya jira shi a gida, a gaban uwarsa za a yanka shi."

Daga nan ya kasa. Numfashinsa ya sarƙe, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Jaririna ya motsa ya yi ɗan kuka, rikoda ta yi ƙas ta tsaya.

Kaset ɗin bai je Zariya ba. Kafin direban ya sake lodi, sai ga Auta ya dawo da kansa, a rame, an auna ƙirjinsa an ce bai kai ba. Muka yi ta tsokanarsa. Baba ya ce wa Inna ta adana kaset ɗin, ta jefa shi cikin wata kwalla a ƙarƙashin gado tare da tsofaffin kasusuwan waƙa, kowa ya manta.

Bayan wasu shekaru Auta ya biyo ni Rogo, inda nake aure. Ya koyi gyaran babur, ya kafa rumfarsa kusa da tasha, yana kwana a shagon zauren gidanmu. Lokacin kasusuwan wa'azi sun cika gari. Masu ɗaukar kaset suna zaune a kasuwa da rikoda mai baki biyu, in kana da kuɗi ka sayi sabo, in ba ka da shi ka kawo tsohon kaset a ɗora maka abin da kake so a kai. Wanda aka fi nema shi ne karatun wani babban malami na birni, wanda Allah ya yi wa rasuwa ba da daɗewa ba. Ni kaina ina son karatunsa. Mutum ne mai natsuwa, yawancin maganarsa a kan tsarki ce da haƙƙin maƙwabci da awon hatsi.

Sai ga wata shekara, gab da faɗuwar damina, rikici ya ɓarke a wasu garuruwa kudu da mu, cikin jihar da muke iyaka da ita. Rediyo tana faɗin kaɗan, direbobi suna faɗin mai yawa. Kullum da irin labarin da za a shigo da shi. Yau a ce an ga hayaƙi daga wajen ƙauyen Jajaye, gobe a ce an ga baƙin fuskoki suna tambayar hanya. Mata muka fara ɗaure 'yan kayanmu a zani muna ajiyewa a bakin ƙofa. Wata rana tayar mota ta fashe a kasuwa, mutane suka watse, wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta karye a hannu. Na tsorata ƙwarai a kwanakin nan, ko tuwo na sa a baki sai in ji kamar ƙasa.

A cikin wannan hali aka fara cewa ai malam ya faɗa tun kafin ya rasu. Na fara ji a bakin wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya.

"Ba ki ji ba? Malam ya ce yaƙi ba ya sallama. Ya ce a tare shi a hanya."

Na ce a raina magana ce, tana iya yin kama da wata. Da yamma maigidana, wanda fataucin mazarƙwaila yake yi, ya dawo da kaset a aljihu yana ta rawar jiki. Ya ce wannan shi ne cikakken, wanda ba a yanke ba. Wai bayan malam ya rufe karatu an kashe lasifika, sai ya juya ga manyan almajiransa ya yi musu magana a hankali, bai san rikoda tana ci gaba da ɗauka ba. Ya tura kaset ɗin can kusa da ƙarshe. Na ji malam ya yi addu'ar tashi, jama'a sun shafa. Sai wani ƙas. Sai tari guda biyu.

Ina tankaɗe ne a lokacin. Rariyar ta kuɓuce mini, garin ya watse a tabarma.

An yi ta kwafar kaset ɗin daga wannan zuwa wancan har muryar ta yi nisa, tana shuu kamar ruwa a kan kwano. Amma ni ina wurin aka yi ta. Na ji maganar sajen tun daga farko har ƙarshe, na ji numfashin ya sarƙe, sannan can ƙasa-ƙasa na ji kukan jariri. Uwa ba ta ɓata kukan ɗanta. Yaron da ya yi kukan yana tsaye a gabana a lokacin, da allonsa a hannu.

Maigida ya goge ido ya ce, "Kin ji? Kuka yake yi, bawan Allah. Ya hango abin da zai same mu."

Na ce, "Maigida, wannan ba malam ba ne. Baba ne."

"Wane Baban?"

"Babana. Da rikodarka ma aka ɗauka."

Ya yi dariya, da ya ga ban yi ba sai ya daina. Na ba shi labari. Ya tashi ya leƙa zaure, ya dawo ya rage murya.

"Ko gaskiya ne, ki rufa mana asiri. Kin san yadda garin nan yake yanzu? Ki fita ki ce maganar malam ta wani tsohon soja ce? Wallahi gidan nan za a fara tarewa kafin a tare hanya."

Haushi ya kama ni, na ce masa ashe shi ma jarumtar tasa a kaset take. Amma na san ba ƙarya ya yi ba. Kwana kaɗan kafin nan an yi wa wani tela dukan tsiya a bakin masallaci don kawai ya ce a bi a hankali da jita-jita.

Maganar kuwa ta riga ta fi ƙarfin kaset. An rubuta ta da fenti a bayan wata a-kori-kura, da sunan malam a ƙasa. Yara suna rera ta a lungu. Har wani ya ce shi yana wurin da malam ya faɗa, a sahun gaba, ya ga hawayen da idonsa. Samari suka fara taruwa suna wasa adduna, maƙera suka bar fartanya suka koma barandami. Sai na ji an ce sun yi magana da mai wata babbar mota, ranar kasuwa in an yi azahar zai kwashe su zuwa iyaka, su tare yaƙi a hanya. Wanda ke tattara su kuwa Auta ne.

Da safe na aika a kira shi kafin ya fita rumfa. Ya shigo da layu a damtse, idonsa ja.

"Auta, kaset ɗin nan daga ina ya fito?"

Ya washe baki. "Yaya, ai a hannuna ya fara bayyana. Allah ne ya nufa. Tsofaffin kasusuwan Inna na kwaso na kai aka ɗora mini karatu. Ina saurara a rumfa, karatu ya ƙare ban tashi na kashe ba, sai na ji. Shi mai ɗaukar kaset ɗin ma babu wannan wurin a nasa, sai daga nawa ya kwafa."

"To ba ka tambayi kanka yadda aka yi naka ke da abin da babu a wanda aka kwafo shi daga ciki ba?"

"Ikon Allah ne."

"Ikon Allah ne, amma kaset ɗin Inna ya fi karatun tsawo. Abin da ke kai tun da can ne ya rage a gindi. Muryar Baba ce, Auta. Saƙo ya yi maka lokacin da ka gudu Zariya, ni na danna masa."

Ya dube ni kamar na zage shi.

"Baba? Baban da ke gudun jinin rago? Haba Yaya. In ba kya so in tafi ki ce ba kya so, kada ki yi wa malam ƙarya, yana kabarinsa."

"Kai ne dai ka yi masa, sakarai!"

Bai kamata in faɗi haka ba, amma bakina ya riga ni. Ya juya ya fita, labulen ƙofa yana kaɗawa a bayansa. Na zauna a bakin murhu. Saƙon da aka yi don a hana shi tafiya, shi ne ya iso hannunsa bayan shekaru, an goge duk abin da zai hana shi, an bar abin da zai tura shi.

Ranar kasuwa da sassafe na ce wa maigida zan je Ƙaraye. Ya dubi fuskata, ya miƙo mini kaset ɗin da kansa. Na goya ƙaramar 'yata na shiga mota. Duk hanya ina kallon gonakin rake ina lissafin ko za mu dawo kafin azahar, ga direban kowane ƙauye sai ya tsaya ɗaukar buhu.

Na tarar da Baba a zaure yana gyaran ƙotar garma. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi maigida da yara da mutanen Rogo ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa kamar in yi ihu. Da ya gama na gaya masa. Aka aro rikoda a maƙwabta na sa masa. Ya saurari kansa yana tari, yana magana, yana kuka. Inna tana tsaye a bakin ƙofar tsakar gida, ranar ta fara ji, ta dafe bango.

Baba ya daɗe yana kallon rikodar, sannan ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Yanzu kuma ta malam ce. Uwata, ai shi ma sajen bai ce tasa ba ce. Cewa ya yi wani babban janar na Turawa ne ya faɗa. Da muka isa can na ji wani hafsa yana gaya wa sababbin zuwa, shi kuma ya ce wani sarkin yaƙi ne na zamanin da. Kullum mai ita babban mutum ne, kuma kullum ba ya nan balle a tambaye shi."

"Baba, azahar za su tashi."

Ya jingine garmar. Ya shiga ɗaki ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a da hula, ya ce wa Inna kada ta jira shi da abinci.

A mota na yi ta roƙonsa. Na ce kada ya yi magana cikin taro, ya ja Auta gefe kawai. Na ba shi labarin telan da aka daka. Carbinsa kawai yake ja. Na fara da-na-sanin ɗauko shi. Da safe ƙanena kaɗai nake tsoron rasawa, yanzu ga shi na kawo ubana da hannuna.

Motar ta sauke mu a cikin tashar Rogo ana idar da salla. Ban taɓa ganin tashar haka ba. Babbar motar tana tsakiya, bodinta na katako cike da samari, wasu da gora, wasu da adda, wasu da kwari da baka, mutum biyu ko uku da bindigar toka. Wasunsu na san iyayensu mata, da su muke zuwa biki. An ɗora rikoda a kan motar an haɗa ta da lasifika, ana mayar da wurin nan ana sake sawa. Muryar Baba ta cika tasha, shi kuma yana tafe a ƙarƙashinta da 'yar rigarsa fara, babu wanda ya dube shi sau biyu.

Na tsaya a gindin wata bishiya inda mata masu fura suke. Ina jira in ji ya ɗaga murya ya ce tasa ce, ina jira in ga gorori sun tashi. Bai yi ba. Ya je bayan motar ya kama katako ya sa ƙafa a kan taya. Wani saurayi ya ce, "Baba, ina za ka? Wannan ba motar kasuwa ba ce." Wani kuma da ya gane shi ya yi ihu, "Ku ba shi hannu, tsohon soja ne!" Sai tasha ta ɗauki sowa, suka ja shi sama suna murna an samu wanda ya san aiki.

Auta yana can gaba kusa da kan motar. Na ga lokacin da ya juyo ya ga ubansa. Ya ratso mutane ya zo, ni ma ban san sadda na matso har jikin bodin ba, ina leƙe ta tsakanin katakai. Baba ya samu wani buhu ya zauna a kai, ya tattare rigarsa kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Baba, me ya kawo ka? Don Allah ka sauka."

"Tare za mu."

"Baba, ba wurinka ba ne."

"Na fi ka sanin wurin. Na taɓa shiga irin motar nan da mai sunanka, na dawo ni kaɗai, na tsaya a gaban uwarmu. Ba zan sake tsayawa a gaban wata uwar ba. In za ka, mu je. In an bar ka a can, a bar mu tare."

Direba ya tayar da injin, bodin ya ɗauki rawa. 'Yata ta farka a bayana ta fara kuka. Na riƙe katakon da hannu biyu kamar ni zan hana motar tafiya.

Aka sake mayar da kaset ɗin. A lasifika aka yi tari guda biyu. Baba ya kamo wuyan rigar Auta ya jawo shi ƙasa har kunnensa ya zo daidai bakinsa, ya shiga faɗin maganar tare da kaset ɗin. Ba bin ta yake yi ba, tare suke tafiya, inda muryar ta tsaya ya tsaya, inda ta ja numfashi ya ja. Muryar nan ce da ta yi ƙasa ta dushe, wadda Auta bai taɓa ji a bakin ubansa ba. Da aka zo wurin da aka ambaci uwa, ta sama ta sarƙe, ta ƙasa ma ta sarƙe. Baba ya sa hannun riga ya rufe fuska.

Auta ya daɗe a sunkuye. Addar da ke hannunsa ta zame ta faɗi a kan katako. Ya ɗago ya dubi lasifikar, ya dubi tsohon da ke zaune a kan buhu, sannan idonsa ya faɗo kaina ta tsakanin katakai.

Ya buga jikin motar ya ce wa direba ya dakata, tsohonsa ba shi da lafiya. Ya diro, ya miƙa hannu ya sauko da Baba kamar yadda ake sauko da yaro daga kan jaki. Abokansa suna kira, "Kai, yi sauri ka hau!" Ya ce su je. Wani ya ce masa matsoraci, wani ya tofa yawu, ya sauka kusa da ƙafarsa. Auta, wanda a kan ƙaramar magana yake cire riga, bai ko waiwaya ba. Motar ta fita daga tasha da muryar Baba a kanta, muna ji tana raguwa har ta ɓace.

Ba su kai ko'ina ba. Jami'an tsaro suka tare su kafin iyaka, aka kwashe makaman, aka zane su, aka tsare wasu. Ɗan maƙwabciyata mai aron rariya ya diro daga motar yana gudu, ƙafarsa ta karye, har yau da ɗingishi yake tafiya. Yaƙin da aka ce yana tafe bai zo Rogo ba. Maganar kuwa ta ci gaba da zama ta malam, ba mu kuma taɓa gaya wa kowa ba. Ko a bara na ji wani yana faɗinta a rediyo, ya jingina ta ga wani mutum dabam da ban taɓa jin sunansa ba.

Ranar dai Baba bai yarda ya kwana ba. Ya sha ruwa a zaurenmu, ya yi la'asar, Auta ya kai shi Ƙaraye a kan babur. Washegari da hantsi ina wanke-wanke sai ga Auta ya shigo, babu layun. Ya tsuguna kusa da ni, ya ciro kaset daga aljihu, nasa na asali, wanda ya fito daga kwallar Inna. Yana ta juya shi a hannu.

"Na tambayi Baba abin da ke farko, wanda aka goge. Ya ce ba zai iya sau biyu ba. Ya ce in tambaye ki."

Na tsame hannuna daga ruwan na goge a zani. Na yi zaton na manta, ashe yana nan duka, har inda Baba ya tsaya ya kori kaza daga kan tabarma.

"Da tsawo fa," na ce.

"Na rufe rumfa. Ki fara daga farkon. Me ya fara cewa?"

"Ya ce, 'Auta, ni ne. Kana samun abinci kuwa?'"

Auta ya kifa kansa a kan gwiwa. Na jira shi ya gama, sannan na ci gaba.